'Yata tana guduna, ku ba ni shawara

Abban Ummi, Bradford

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a zauren nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina.

Na baro Kano a Satumbar 2021 na zo Ingila karatun digiri na biyu. Lokacin 'yata tana da wata goma, rarrafe take yi. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi. Da na gama karatu na koma kan bizar shekara biyu da ake ba waɗanda suka kammala, ita kuma dokarta ba ka ɗauko iyali sai in dama tun kana ɗalibi suna tare da kai. Sai bana da na samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti aka ba su biza. Duk tsawon lokacin nan sau ɗaya na je gida, a 2023, na yi sati uku.

Ranar 24 ga Oktoba suka sauka a Manchesta. Na tsaya wurin tarbar baƙi da 'yar tsana da rigar sanyi a hannu. Da na hango su na durƙusa na ware hannuwa, sai yarinyar nan ta ƙanƙame hijabin uwarta ta tsala ihu har mutane suka juyo. Na ce gajiyar hanya ce. Yau sati shida ke nan.

In na shigo falo sai ta shige bayan labule. Ba ta karɓar komai daga hannuna, ko alawa ce. In na kira sunanta sai ta sandare, hawaye na zuba babu sauti. Ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari fiye da shekara. Sati ɗaya da zuwansu, daren 31 ga Oktoba, yaran unguwa suka ƙwanƙwasa mana ƙofa da fuskokin dodanni suna neman alawa, ni kuma na buɗe tana kallo. Sai ga wasan wuta na 5 ga Nuwamba, wanda ya san Bradford kuwa ya san ba dare ɗaya ake yin sa ba. Ga rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Kayan wasa na saya har sun cika kwali, ba ta taɓa su sai in ba na gida.

Shekaranjiya na dawo daga aikin dare na ji ta a kicin tana ba uwarta labarin akuyar Hajiya mahaifiyata tana ƙyalƙyala dariya. Na fi minti goma tsaye a bayan ƙofa da jakata a kafaɗa don kawai in ji muryarta, na san ina shiga za ta yi tsit. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya min yadda ya yi.

Maman 'Yan Biyu, Leeds

Wa alaikumus salam. Wayyo, Allah sarki. Ƙanina, kafin a yi nisa ina da tambaya. Duk maza take yi wa haka ko kai kaɗai? A Kano a ɗakin wa take kwana? Kuma me aka ce mata ranar da za su taso?

Alhajin Jidda

Ɗana, ƙiwa ce, ba wani abu ba. 'Ya'ya tara Allah ya ba ni, shekara ashirin da shida ina ƙasar nan, wasu a nan aka haife su wasu sai da suka yi wayo aka kawo min su. Ban taɓa durƙusa wa ko ɗaya ba. Kai ne ma kake ƙara abin da wannan lallashi da sayen kayan wasa. Yaro in ya ga ana bin sa sai ya ƙara gudu. Kuma 'yar fari ce, mu a tasowarmu uba ko sunan ɗan fari ba ya faɗa, balle ya ɗauke shi a gaban mutane, ga mu nan ba mu lalace ba. Hausawa suka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Ka riƙe girmanka, uwarta ta riƙa turo ta ta gaishe ka safe da yamma ko tana kuka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗan Gwammaja, Kuala Lumpur

Ni fa ina ganin a duba ɓangaren iska. Yarinya ta haye teku, ta shiga gidan da ba a san wa ya zauna ciki ba, ga waɗannan dodannin. A samu malami ya yi mata ruƙiyya. Kuma in tana yawan waya da mutanen gida a dakatar, in ba haka ba ba za ta taɓa mantawa da can ba.

Baban Walid, Cardiff

Abu ɗaya zan ce saboda maganar tanƙwara icce. Ko da wasa kar hannu ya shiga. A nan Wales tun Maris ɗin 2022 aka haramta dukan yaro gaba ɗaya, Scotland tun Nuwambar 2020, Suwidin kuwa tun 1979. A Ingila har yanzu doka ta bar 'yar kafa ta horo mai sauƙi, amma in ya bar shaida a jiki ya zama laifi, kuma malaman makaranta da ma'aikatan lafiya wajibinsu ne su kai rahoto.

Abban Ummi, Bradford

Na gode Baba Alhaji, na gode kowa. Baban Walid, wallahi ban taɓa ɗaga mata hannu ba, ko tsawa ban yi mata ba tun da ta zo. Anti Maman 'Yan Biyu, tambayarki ta farko ce ta fi ci min rai. Wani abokina Bazazzagi ya zo gaishe su, ta ɗan noƙe kaɗan, kafin ya tafi har ta miƙa masa takalminsa. Ni kaɗai ne. Kwana kuma a gadon Hajiya mahaifiyata take yi tun da aka yaye ta. Abin da aka ce mata ranar tafiya ban sani ba, zan tambayi uwarta.

Maganar turo ta gaisuwa, Baba, mun yi sati uku muna yi. Uwarta ta jawo ta har gabana, ta durƙusa jikinta na rawa, ta ce ina kwana cikin shessheƙa ta ruga. Na ga kamar kullum baya muke komawa, na ce a bari.

Nas ɗin Yara, Landan

Yaya Abban Ummi, shekara goma sha ɗaya ina aiki a sashen yara, bari in ɗan tsawaita.

Ƙiwa da Baba Alhaji yake faɗa gaskiya ce, akwai ta. Takan fara wajen wata shida zuwa takwas, lokacin da jariri ya fara bambance nasa da baƙo, kuma alama ce ta lafiya. Amma ƙiwa kowane baƙo take yi wa. Yarinyar da ta miƙa wa abokinka takalmi rana ɗaya da ganinsa, ta kuma yi sati shida tana rawar jiki a gabanka, ba baƙunta ce matsalarta ba. Ta san ka. Akwai abin da ta sani game da kai, ko wanda aka sanar da ita, shi ya kamata a tono. Tambayar da Maman 'Yan Biyu ta yi ita ce tambayar.

Na biyu, kar a raina rabuwarta da Hajiya. Wata masaniyar halayyar yara, Mary Ainsworth, ta zauna a Yuganda a 1954 da 1955 tana bin gidaje tana kallon jarirai da iyayensu mata. Abin da ta gani shi ne yaro yakan ɗauki mutum guda tamkar turke: ya rarrafa ya yi nisa ya yi wasa, ya waiwayo ya ga turkensa na nan, ya ci gaba. In turken ya ɓace wasa ya ƙare. A ƙasar Hausa ma an yi irin wannan nazari, Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka wallafa a 1977, suka ga 'ya'yanmu sukan shaƙu da mutum fiye da ɗaya a gida, kuma wanda suka fi shaƙuwa da shi ba lallai mahaifiya ba ce, wanda ya fi ɗaukarsu ne. Mu da muka tashi a gidan yawa ba sai an gaya mana ba. Ummi ta rasa wadda take kwana a jikinta, ta rasa tsakar gida, ta rasa akuya, ta rasa rana, duk a yini ɗaya. Fitsarin kwancen nan maganarta ce. Kar a yi mata faɗa a kansa, kar a ba ta kunya, a sa leda a katifa a canza zani shiru. In dai ba tana kukan zafi wurin fitsari ba, ko yawan ƙishirwa, ko rama. In akwai ɗaya daga ciki ku ga likitan unguwarku cikin satin nan.

Kai kuma ka daina nufarta. Mu a asibiti yaron da ya tsorata ba ma tunkararsa gaba da gaba. Ka zauna a ƙasa, ka ba ta gefenka, kar ka zuba mata ido, ka yi wani abu da hannunka wanda zai ba yaro sha'awa, ka yi ta yi kamar ba ka san tana nan ba. In ta matso taku ɗaya kar ka juyo da murna, ka bar ta ta koma in ta so. Namiji mai tsawo a tsaye, ga babbar rigar sanyi, ga murya, a idon 'yar shekara huɗu ba ƙaramin abu ba ne.

Ku tambaya a asibitin unguwa a haɗa ku da ma'aikaciyar lafiya mai ziyartar gidaje, har shekara biyar suna kula da yaro, kyauta ne. Tunda na sako maganarsu: a ƙasar nan ana son duk yaro daga shekara 1 zuwa 4 ya riƙa shan bitamin D maikurogiram 10 kullum, balle mu masu baƙar fata a lokacin sanyi.

Alhajin Jidda

'Yata, na ji bayaninki. Amma kullum sai an ce Baturiya ta ce kafin mu yarda? Kakanninmu da suka raini al'umma wace Baturiya ta koya musu?

Maman 'Yan Biyu, Leeds

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba raina tarbiyyar gida ake yi ba. A gida uba ya ja girmansa babu abin da ya ragu, domin akwai kaka, akwai gwaggo, akwai baffa mai ɗaukar yaro a babur, akwai 'ya'yan maƙwabta. Kunyar ɗan fari tana tafiya ne don akwai hannuwa goma da za su karɓe shi. A nan ɗaki biyu ne da falo, mutum uku, ƙofa a kulle. In uba ya ja baya saura mutum ɗaya. Ranar da uwar ta kwanta ciwo ko ta tafi haihuwa wa zai riƙe yarinyar? Ni ya faru da ni. Da zan haifi 'yan biyu kwana shida na yi a asibiti, babban ɗana ba shi da kowa sai ubansa.

Maman Ummi, Bradford

Assalamu alaikum. Ni ce mahaifiyar yarinyar. Ya nuna min abin da aka rubuta, ya tambaye ni tambayar Anti, na kasa ba shi amsa baki da baki, na ce ya bari in rubuta.

Wallahi ban ɗauki abin komai ba sai daren jiya. Ummi tana da ƙiriniya, kuma Hajiya ba ta bari a taɓa ta. To tun tana shekara biyu abin da muke tsorata ta da shi a gidan shi ne Abbanta. In ta ƙi cin abinci, bari a kira Abba. In ta ƙi wanka, Abba yana ganinki ta cikin waya. Ƙannensa ma haka, in ta ɗaukar musu abu sai su ce Abba zai zo da bulala daga Ingila. Wani lokaci da gaske nake kiransa a WhatsApp in ce ga ta nan ka yi mata faɗa, shi kuma ya haɗe fuska ya ce Ummi kar in sake ji. Sai ta nutsu. Ina ganin dabara na samu. Yawancin kiran da ta gan shi a ciki ƙararta ake kaiwa. Zuwan da ya yi a 2023 kuwa rabinsa a Abuja ya yi shi da gaishe-gaishen dangi.

Ranar tafiya kuma ce mata muka yi za mu je kallon jirgi mu dawo. Hajiya ta shige ɗaki ta rufe don kar ta ga tana kuka, ba su yi sallama ba. Har yau in magariba ta yi sai ta ɗauko takalminta ta ce Momi yaushe za mu koma gida, in ce gobe. Sati na biyu na daina haɗa ta da Hajiya a waya saboda in an kashe sai ta yi awa tana kuka.

Ni ma ban saba ba. Ban san kowa a garin nan ba, in ya tafi aikin dare ba na barci, motsi kaɗan na tashi zaune. Kuma shekara uku ba wasa ba, ni kaina in ya shigo sai in ji na kama jikina kamar baƙo ya zo. Ban san ko tana lura ba. Ku yi min addu'a, laifina ne.

Nas ɗin Yara, Landan

'Yar uwa, share hawayenki. Gida nawa ne a Kano yau ba a ce wa yaro bari babanka ya dawo ba? Da ɗan sanda da mai allura da dodo duk da su aka raine mu. Bambancin kawai shi ne yaron da ubansa ke dawowa da yamma yakan ga uban ya shigo da ledar tsire, sai barazanar ta narke. Ita Ummi barazanar kaɗai ta samu, shekara biyu, babu tsiren.

Tana lura kuwa. Yaro in ya ga abin da bai gane ba fuskar uwarsa yake fara kallo. In ya shigo kin kama jikinki, kin gyara ɗankwali, kin rage murya, ita a wurinta kin tabbatar mata ne. Ki bari ta gan ki kina dariya da shi, kina cin abinci kwano ɗaya da shi, kina aikensa ya miƙo miki abu.

Inna Ta Beljik

Ɗiyata Maman Ummi, maganar gobe ɗin nan ita ta sa na kasa yin shiru. Ku daina ce mata gobe.

Ni 'yar Maraɗi ce, shekaruna sittin da ɗaya. Ina da shekara biyar aka ba gwaggona riƙona, tana aure a Kumasi. Ce min aka yi kasuwa za mu. Kwana uku muna cikin mota, duk tashar da aka tsaya ina leƙen innata. Da muka isa zongo na tarar da mutane suna Hausa amma ba irin tamu ba, waje kuma wani yare da ban taɓa ji ba, ga ruwan sama kamar ba zai ɗauke ba. Gwaggo ma kullum gobe take ce min. Na yarda sau ɗaya, sau biyu, sau goma, daga nan duk abin da ya fito bakinta ban ƙara gaskatawa ba, har in ta ce abinci ba zafi sai na taɓa. Allah ya jiƙanta, ta so ni kamar ranta, amma sai da na yi aure na haihu kana zuciyata ta sake da ita.

Mijinta kuwa falken goro ne. Dogo, baƙi, ba ya yawan magana, tsoronsa nake kamar me. Bai taɓa kirana ba. Kowace la'asar zai shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ya buɗe huhu, yana ware fari da ja, yana cire wanda ƙwaro ya taɓa, yana yayyafa ruwa a ganye. Ni ina raɓe jikin bango ina kallo. Na lura kullum yakan bar gefe guda na tabarmar babu komai, kuma yakan tara ƙananan goro a wurin. Ya fi wata yana haka. Rannan yana ƙirga sai ya ce, shi kaɗai, bai dube ni ba, kai, na ɓata lissafi, da akwai mai taya ni. Ban san lokacin da na zauna ba. A hannunsa na koyi ƙirga har ɗari.

Shi ne kuma ya gaya min gaskiya. Na tambaye shi yaushe za a mai da ni, ya ce ba yanzu ba, sai bayan sallar layya biyu, in an tashi ni da kaina zan kai ki. Na yi kuka ranar har na yi amai. Amma ya kai ni, kamar yadda ya faɗa. Tun daga ranar da ya gaya min abin da ba na son ji na san in ya yi magana haka take.

Shi ya sa, ɗana na Kuala Lumpur, ban yarda da yanke waya ba. Sabo ake yi wa kuka. Ku bar ta ta ga kakarta ta yi kukanta, ku riƙe ta har ta gama. Yaron da aka hana kuka ba mantawa ya yi ba, ɓoyewa ya koya.

Malam Na Madina

Allah ya saka wa Inna da alheri. Game da ruƙiyya, ɗan uwa na Gwammaja, addu'a ba a raina ta. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana nema wa Hasan da Husaini tsari da kalmomin Allah cikakku daga kowane shaiɗan da abu mai dafi da mugun ido. Iyayen su riƙa yi mata da kansu, da Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya. Amma a ɗauko baƙon namiji ya dafa kan yarinyar da take cikin firgici yana ɗaga murya, alhali ga dalili a fili uwarta ta faɗa, wannan ƙara mata za a yi.

Baba Alhaji ya ce kullum sai Baturiya. To ga namu. A Sahihul Bukhari akwai labarin Ummu Khalid 'yar Khalid ɗan Sa'id. A Habasha aka haife ta, inda iyayenta suka yi hijira, aka kawo ta Madina tana ƙarama, garin da ba ta sani ba. An kawo wa Annabi tufafi, a ciki akwai wata 'yar riga baƙa mai ado, ya ce a kawo masa Ummu Khalid. Da hannunsa ya sa mata, yana nuna adon yana cewa sanah, sanah, wato kyakkyawa da harshen Habasha. Da yaren ƙasar da ta baro ya yi mata magana. A wata ruwayar ta zagaya tana wasa da hatimin annabci da ke bayansa, mahaifinta ya tsawatar mata, Annabi ya ce ƙyale ta. Ya kuma yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Babu wanda ya kai shi kwarjini, kuma bai ragu ba.

Ƙaryar da ake yi wa yaro ma ba a sassauta ta ba. A Sunan Abi Dawud wata mata ta kira ɗanta ta ce zo in ba ka, Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ki ba shi komai ba da an rubuta miki ƙarya.

Alhajin Jidda

Malam, ba na ja da hadisi. Har yanzu dai ina kan bakana cewa uban da ya zama abokin wasa zai sha wuya ranar da yarinya ta kai sha uku a ƙasar Turawa, ku rubuta ku ajiye. Kuma da ni ne, in ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, mayar da ita wurin kakarta ba abin kunya ba ne.

Amma da na karanta bayanin uwarta na ga ku duka kun tsallake abu guda. Ba ka ce takwarar mahaifiyarka ba ce? To ai uwarka ce. Kai ɗanta ne. A kira Hajiya a bidiyo, ka zauna ƙasa a gaban wayar ka cire hula ka gaishe ta yadda ka saba, yarinya tana gani. Hajiya ta yi maka faɗa a gabanta ta ga ka sunkuyar da kai. Sannan ta ce, takwara, ga ɗana nan na ba ki amana, ki tabbata yana cin abinci. Wanda ake tsoro ta ga shi ma akwai wadda yake tsoro, kuma wadda yake tsoron tata ce. Wannan ba a littafi na gani ba, haka tsofaffinmu suke yi.

Maman 'Yan Biyu, Leeds

Baba Alhaji, wallahi wannan ko a raina bai zo ba. Maganar mayar da ita dai ban goyi baya ba, rabuwa ta biyu ke nan, kuma in ta dawo tana da shekara goma aikin ya ninka. Maman Ummi, Leeds da Bradford minti ashirin ne a jirgin ƙasa. Ki turo min saƙo, ranar Asabar zan zo da yarana su yi wasa, mu kuma mu tuƙa tuwo.

Abban Ummi, Bradford

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan, yau takwas ga azumi, na ce bai kamata in yi shiru ba.

Abin da Baba Alhaji ya ce shi muka fara yi. Hajiya ta yi fiye da yadda aka roƙe ta. Ta ba Ummi haƙuri a kan rashin sallama, ta gaya mata cewa ɓuya ta yi don tana kuka, ta ce nan ne gidanku yanzu, za ki zo min hutu. Daren nan ba mu runtsa ba, kuka ta yi har asuba, kwana uku ko takalmin ba ta kalla ba, abinci sai an yi da gaske. Har na ce mun ɓata. Daga nan aka tsayar da waya da Hajiya kullum bayan la'asar. Uwarta kuma ta zaunar da ita ta ce mata maganar bulala ba gaskiya ba ce, Abba bai taɓa cewa zai dake ki ba, mu muka faɗa.

Ni ba ni da goro, sai na koma gyaran wake. In baje shi a faranti a tsakar falo ina tsince tsakuwa, ko da babu tsakuwar. Kwana goma sha tara tana kallo daga bayan kujera. Ranar da ta zauna ba ta ce min komai ba, ta tsinci uku ta tashi. In zan fita aiki kuma na daina sulalewa, sai in tsaya daga bakin ƙofa in ce na tafi, zan dawo kina shan shayin safe, kuma ko abokan aiki sun tsayar da ni ba na bari in saɓa.

Ba a gama ba. Har yanzu ba ta yarda in ɗauke ta, in muka fita hannun uwarta take riƙewa, fitsarin kwance yakan zo sau ɗaya ko biyu a sati. A Janairu ta fara makarantar rainon yara ta awa 15 a sati, malamarta ta ce ba ta magana tukuna amma tana bin yara wasa. Anti Nas, ko wannan shirun abin damuwa ne, ki taimaka min da bayani.

Tun da aka fara azumi ita take kawo min dabino, ta ce Hajiya ta ce ta tabbata ɗanta ya ci. Takan ajiye a gefen sallaya ta ja baya. Jiya ba ta ja baya ba. Ta tsaya tana kallon fuskata, can ta ce, kai ne Abban cikin waya? Na ce ni ne. Ta ce to ka daina faɗa. Na ce na daina, Ummi. Ta ce to ci.